Maiƙon Ciyayya

A ƙofar gidan yayana muke ciyayya, nan Toranke, tun mahaifinmu yana da rai, lokacin gidan nasa ne. Da an sallame magariba sai a shimfiɗa tabarmi jikin dakali, kowane magidanci a layinmu ya fito da kwanon gidansa. Ba a buɗe su gaba ɗaya. Yaya ne yake jawo ɗaya ya buɗe, a yi bismilla, kowa ya sa hannu, in an tashi da shi a jawo na gaba. Ba mai cewa wannan nawa ne. Wanda aka yi wa tuwon dawa da kuka tsura a gidansa zai ci shinkafar wanda ya sayar da gyaɗa ranar, kuma ba mai kallonsa. Mata kuwa suna ciki suna jiran su ga yadda kwano zai dawo. In ya dawo a suɗe, mace ta kwana da farin ciki. In ya dawo da saura, ka shiga uku da tambaya, gishiri ne ya yi yawa ko daddawar ce ba ta ji ba.

A kan tabarmar nan ake yanke komai na layin. Gonar wa za a yi wa gayya, wa zai je neman wa wane aure, ina taki ya fi sauƙi. In ba ka zama a wajen, kana nan dai a unguwa, ana gaishe ka, amma ba a sa ka a lissafi. Na faɗi wannan don wanda ya tashi a birni, kada ya ce ai tuwo ne kawai.

Ni karatuna a aji uku na sakandare ya tsaya, a Gaya. Na yi kwandasta a motocin Ajingi zuwa Kano har na gaji da zagin fasinja, na dawo na rungumi gona. Duk shekarun da na yi a tasha, in dai na kwana a gida, a tabarmar nan nake cin abinci, kusa da Yaya, ta hannun hagunsa.

Na ɗan haura arba'in abin ya fara. Gwiwar hannu ya soma kamawa, wani jan tabo, sai ya yi farin ɓawo a kai kamar an barbaɗa toka. In na sosa ya zubo, gobe ya sake yin wani. Daga nan gwiwar ƙafa, sai cikin gashin kai, har hulata ta koma fara ta ciki. Duk wannan riga da wando suna rufewa. Da ya sauko bayan hannuwana ne ya zama maganar jama'a.

Akwai taubashina a ciyayyar, ɗan kawuna, gidansa na kallon nawa. Mahaifiyata Bafulatana ce, su kuma har yau suna da shanu wajen 'yan'uwa ta gefen Kademi, don haka gidansa ba a rabuwa da man shanu. Shi ya fara kama hannuna ya juya shi a hasken fitila.

"Bawana, me ya same ka haka? Kirci ka kwaso irin na shanu?"

"Ubanka ne bawa. Sake ni."

"Ku duba fa, Yaya. Fatar nan bushewa ta yi. Wallahi ko salkar ruwa in ta rasa mai haka take yi. Mutumin nan ba shi da maiƙo a jiki ko kaɗan. Matarka ba ta ba ka abinci ne?"

Ni da nake ɗauke da tumbi kamar tulu, wai ba ni da maiƙo a jiki. Amma kowa a wajen ya gyaɗa kai, domin maganar ta shiga hankali. Ƙafa in ta yi faso mai ake shafa mata. Igiyar guga in ta bushe mai ake sa mata. To me zai hana mutum? Ni ma na yarda. Yaya ya ce ai shafawa kaɗai ba za ta yi ba, bushewar daga ciki take, sai an jiƙa cikin.

Daga ranar aka sa ni a gaba. Ka san yadda ake zuba soyayyen man shanu a kan miya, yakan gangara ya taru a gefe guda. Da an buɗe kwano sai Yaya ya juya shi, gefen da man ya kwanta ya fuskance ni. In akwai nama, kitsen nawa ne, da yatsa ake turo min shi. Labari ya shiga cikin gidaje, kowace mace ta ƙara cokali guda saboda ni. Matar taubashina ta aiko wa mai ɗakina da kwalba cike, ta ce a riƙa narka min a koko da safe. Ranar kasuwar Ajingi kuwa, duk wanda ya je sai ya riƙo min wani abu a takarda, balangu mai kitse, ko kayan ciki, ko kakide. Mutum ya ajiye a gabana yana cewa, "Ga naka, mai jinya." Ina ci suna kallo suna jin daɗi, kamar masu kiwon ragon layya.

Ba zan ce ban ji daɗi ba. Wa zai ƙi? Tunda nake ba a taɓa tarairayata haka ba.

Damina ta wuce, aka yi kaka, sanyi ya shigo, ni kuwa jiki sai gaba yake yi. Tabon ya haɗe daga gwiwar hannu har wuyan hannu. Bayana ya kama. Gaɓoɓin yatsuna suka tsage, in na dunƙule hannu sai jini ya tsatso. Ƙaiƙayi kuwa, a sahu nakan ji kamar in yar da sallar in nemi bango. In na tashi daga tabarma sai ka ga wajen da na zauna ya yi fari. Su kuma suna ganin haka sai su ce bushewar ta yi nisa, a ƙara mai.

Sai na fara lura da wani abu. Muna ci a kwano ɗaya, amma tsakanin gefena da nasu ana barin tuwo. Kowa ya ci nasa ɓangaren ya zo daf da nawa sai ya tsaya. In an gama sai ka ga wata 'yar katanga ta tuwo a tsaye a cikin kwano, ni ina wannan gefe, mutum bakwai ko takwas suna wancan. Ba wanda ya ce min komai. Man dai ana juyo min shi kamar kullum. Ruwan wanke hannu kuma, da ni nake bin Yaya, sai ya zama ni ne na ƙarshe, ban san ranar da aka sauya ba. Wata rana mai ɗakina ta dawo daga gidan suna idonta jawur, ta ce wata ta tambaye ta wai da gaske ne yatsuna sun fara guntulewa.

Wannan kalmar ce ta kai ni asibitin Gaya. Ba ƙaiƙayin ba.

Likitan yaro ne, ban jin ya kai ƙanena na uku. Ya sa na tuɓe riga, ya duba, ya kama hannuna da hannunsa ba safar roba. An daɗe rabon da wani ya riƙe hannuna haka ba da tsokana ba. Ya tura ni aka ɗebi jini, ya ce in dawo. Da na dawo ya kalli takardar ya kalli cikina.

"Malam, me kake ci?"

Na faɗa masa. Ban rage komai ba, har na kokon safe. Ya ajiye biro ya jingina da kujera.

"Wa ya ce ka yi haka?"

"Jama'a."

Ya ce da farko in kwantar da hankalina, ba kuturta ba ce, kuma ba a ɗauka, ko da a kwano ɗaya, ko da a shimfiɗa ɗaya. Ya faɗi sunanta da Turanci, soriyasis, na sa ya maimaita har na riƙe. Ya ce a cikin jini akwai wasu ƙwayoyi, su ne 'yan sintirin jiki, in cuta ta shigo su suke far mata. Nawa sun rikice, sun koma dukan fatata. Ita kuma fatar, saboda dukan, sai ta yi ta fito da sabuwa da gaggawa tun tsohuwar ba ta faɗi ba, shi ne ɓawon da nake gani. Ba bushewa ba ce, kumburi ne, wuta ce a ƙarƙashi.

"To ina ruwan man shanu?" na ce.

Ya ce akwai kitsen da yake yawo a jini, kolestarol, nawa ya hau sosai. Kitse in ya yi yawa a jini da jiki yana ƙara zuga waɗannan 'yan sintirin, su ƙara haukacewa. Ya ce ba zai ce min abinci ne ya kawo ciwon ba, wannan yana jikina tun asali, amma abin da nake ci yana hura shi. Kuma ko ba don fata ba, da wannan jinin zuciyata ma tana cikin haɗari.

"Shafawa fa?"

"Shafa, ba laifi, yana ma tausasa wajen. Na shafawa daban, na ci daban."

Ya rubuta min man shafawa na asibiti da ƙwayar rage kitse. Ya ce in bar man shanu da kitse da kayan ciki, in rage manja, man gyaɗa kaɗan ya isa, in yawaita wake da ganye. Ya ce kada in sa rai da warkewa ƙat, ciwo ne da ake lallaɓawa, ya kwanta ya tashi. Na tambaye shi ko zai rubuta min a takarda cewa ba a ɗauka. Ya yi dariya ya ce in an ƙi yarda da bakina takarda ma ba za a yarda da ita ba. Nan dai ya yi gaskiya.

A mota ina dawowa ina lissafin watannin da na yi ina buɗe baki ana ɗura min. Ban san wa zan zaga ba. Kowa da alheri ya yi.

Da magariba na zauna a wajena. Yaya ya buɗe kwanon farko, na gidan taubashina ne, ya juyo min gefen man. Na ce a dakata, ina da magana. Na faɗa musu duk abin da likita ya ce, yadda na iya. Na fara da cewa ba a ɗauka, na ɗaga murya a wajen. Ba wanda ya ɗago kai. Da na zo kan man shanu kuwa kowa ya samu baki.

"To fa!" in ji taubashina. "Yau kuma man shanun gidana ne ya zama guba? Bawana, kakanmu da ni da kai, da me ya rayu? Nono da mai. Ya mutu da haƙoransa cif, fatarsa kamar ta jariri."

"Kakanmu yini yake a ƙafa bayan shanu. Kai ko masallaci a babur kake zuwa."

Aka yi dariya, shi bai yi ba.

"Wai 'yan sintiri a cikin jini. Da gora suke yawo ko da tocila? Yaro ya ga ɗan aji uku ya samu wanda zai yi wa Turanci."

Wani dattijo a cikinmu, mai gyaran keke, ya ce shi dai abin da ya sani, abu in ya bushe mai yake so, ko sarƙar keke ce. Yaya ya bari aka gama, sannan ya ce, "Kowa da jikinsa. In likita ya hana shi, ya hana shi. Amma a ci abinci, yana hucewa."

Na janye hannuna. Aka cinye kwanon ina zaune. Tunda aka haife ni ban taɓa zama a tabarmar nan ana ci ina kallo ba.

Mai ɗakina ta yi iya ƙoƙarinta. Ta koma yi mana miya da ɗigon man gyaɗa, wata rana ba ko ɗigon. Zogale, rama, wake, kuɓewa, kifi busasshe in an samu. Ni a bakina ba laifi, na saba da wuri. Sai na riƙa fita da kwanona, in zauna, a yi ta buɗe na mutane ina naɗe da hannu, har a zo kan nawa. In an buɗe nawa, kowa ya yi loma ɗaya don kunya, ya ce alhamdulillahi ya ƙoshi. Taubashina ya raɗa mata suna miyar asibiti. Kwanon ya riƙa komawa gida da fiye da rabi.

Abin ya zama biyu. Ni ba na cin na matansu, su ba sa cin na matata. Kowane magidanci ya shiga gida a tambaye shi, wane ya ci? Ya ce a'a. Matar mai gyaran keke ta aiko a tambaya ko wani abu ta yi min. Matar taubashina ta daina shigowa gidanmu ɗiban wuta. Wai na ce abincinta ne ya sa min ciwo. Ban ce ba. Ko da yake, in za a bi ta, me na ce in ba haka ba?

Jiki kuwa ya fara sauƙi. Ba dare ɗaya ba, a hankali. Ko man asibitin ne, ko ƙwayar, ko abincin, ko duka, ban sani ba, likitan ma da na koma cewa ya yi duk sun taru. Tumbin ya sauka har na ƙara huda a bel. Tsagar yatsu ta rufe. Jan ya koma duhu, ɓawon ya ragu, hulata ta daina fari. Wata magariba na naɗe hannun riga na miƙa musu hannuwana a tsakiyar tabarma, gaba da baya. Na ce ku gani.

Taubashina ya kama ya duba, ya daɗe yana dubawa. Sai ya juya ya kalli jama'a.

"Ba na faɗa muku ba? Man da muka ɗura masa ne, sai yanzu ya ratso fatar. Ai dama ba ya aiki da wuri."

Wallahi da gaske yake. Kuma suka yarda, har da masu cewa Allah ya saka wa matarsa da alheri. Na zauna hannuna a miƙe kamar mai roƙo. Katangar tuwon kuwa, ko a nawa kwanon da ba sa ci, ba su daina barinta ba.

Da Babbar Sallah ta zo na karaya. Ko'ina suya, kowane kwano nama, kowa yana cewa haba, ai ka warke, yau ɗaya dai. Na sa hannu. Yau ɗaya ta zama har naman layya ya ƙare a layin. Na ci na kowa, aka yi ta raha, Yaya ya ce yanzu ya ga ƙanensa. Ban fi 'yan makonni ba gwiwar hannuna ta yi ja, bayana ya ɗauki ƙaiƙayi, abin ya dawo kamar yana jirana a bakin ƙofa. Likita bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Malam, jikinka ne, kai za ka kwana a ciki."

Na koma miyar asibiti. Kwano ya koma dawowa a cike.

Mai ɗakina mace ce mai haƙuri, shi ya sa ranar da ta yi magana na san ta kai mata. Na shigo da kwano na ajiye, ta buɗe ta gani, ta rufe.

"Malam, ni fa ban iya wannan ba. Shekara nawa ina girki a layin nan kwanona bai taɓa kwana da tuwo ba? Yanzu ko gidan biki na je ba a ba ni muciya. Ce min ake in zauna in huta. Yarinyar nan tamu ta kusa isa aure, so kake a ce uwarta ba ta iya miya ba?"

"To in ci in ruɓe?"

"Ban ce ba. Naka zan yi maka daban, yadda likita ya ce. Amma abin da zai fita ƙofar gida da sunana, zan yi shi yadda uwata ta koya min."

Ban ga laifinta ba. Washegari na samu Yaya a gona, mu biyu, yana cirar gyaɗa. Na ce masa ga shawarar da muka yanke. Babban kwano zai fito da mai kamar na kowa. Ni kuma zan zo da ɗan ƙaramin kwanona in zauna a wajena in ci, a yi hira da ni. Ya tuge wata ya kakkaɓe ƙasa daga saiwa.

"Ka san ba ni na kafa abin nan ba," ya ce. "Tun Baba, ba a taɓa zama da kwano biyu ba. Yau in ka zo da naka, gobe wanda ya samu kaza ya ce shi ma likita ne ya ce ya ci shi kaɗai. Jibi mai tuwo tsura ya ji kunyar fitowa. Shi ke nan ta watse a hannuna. Kuma mutane suna ci kana gefe da naka, kamar ana ƙyamarka, ni ba zan iya kallo ba."

"Yaya, ai dama ana ƙyamar tawa. Ba ka ganin tuwon da ake bari?"

Ya ci gaba da kakkaɓe gyaɗarsa. Can ya ce, "Wajenka yana nan. Duk ranar da za ka sa hannu a na kowa, ka zo. In ba za ka iya ba, ka ci a gida, in an gama ka fito a yi hira."

Na gwada fitowa hirar. Amma maganar kirki a kan tuwo ake yinta, kafin a wanke hannu an gama. In na fito sai in tarar ana miƙa ana shirin isha'i. Ranar da aka sa ta auren ɗan Yaya, ɗan da aka yanka wa ragon suna ina riƙe da ƙafar ragon, a bakin mai ɗakina na ji, ita ma a bakin mata. Gayyar bana har aka zagaye layin ba a zo gonata ba. Ba mugunta ba ce, na tambaya, an ce mantawa aka yi.

Fatar tana nan da dama yanzu. Takan ɗan tashi lokacin sanyi, in shafa magani ta kwanta. Ina iya dunƙule hannu, ina iya gaisawa da mutum ba ya sunkuyar da kai ya duba.

Da an sallame magariba mai ɗakina takan soya man shanu da albasa, ƙamshin ya cika gidan, ta kwarara a babban kwano. Ni nake ɗauka da kaina in kai, don ba zan bari a ce gidana ya daina fitar da abinci ba. In yi sallama, in ajiye a layin kwanuka, taubashina ya ce, "Bawana, an kawo? Ajiye nan, Allah ya yi albarka." In juyo. Nawa yana jirana a tsakar gida, kusa da turmi, inda yara suke ci. Ina ci ina jin dariyarsu ta kan katanga. Babban kwanon kullum a suɗe yake dawowa, ita kuma ta samu barci.